Lacca: Inda Ido Yake Zama a Zanen Kan Mutum

Assalamu alaikum. 'Yan uwa ɗalibai, kowa ya ɗauki fensirinsa.

Kusan duk sabon mai zane yana kai idanu sama, daf da gashi. Dalili kuwa, fuska muke kallo in muna magana da mutum, sai mu manta da girman ƙoƙon kai. Ku auna ku gani: daga tsakar ka zuwa haɓa, a rabi cif ido yake.

Ku zana siffar ƙwai, tsininsa a ƙasa, tsawo santimita 18, faɗi 12. Ku ja layi mara nauyi a tsaye ta tsakiya, wani a kwance a santimita 9. Nan idanu za su zauna. Sai ku sauko santimita 3 daga sama, nan gashi yake farawa. Ragowar 15 ku kasa uku: biyar na farko goshi ne har gira, na biyu ya tsaya a gindin hanci, na uku ya kai haɓa. Kunne yana tsakanin layin gira da na hanci. Baki ya fi kusa da hanci, kamar kashi ɗaya cikin uku na hanyar zuwa haɓa.

Faɗin kai yana cin ido biyar, ido guda ne tsakanin idanun biyu. Littattafan Turawa za su ce faɗin hanci daidai yake da wannan tazara. A fuskokinmu sau da yawa ya fi haka, don haka ku miƙe hannu, ku rufe ido ɗaya, ku auna da fensir da babban yatsa. Kada ku lanƙwasa gwiwar hannu, awon zai canza.

To, ga matsalarmu a nan Sakkwato: hula, rawani, hijabi, gemu. Duk suna ɓoye iyakar kai. Mai zanen basarake yakan fara da rawani, sai ya auna rabi daga ƙololuwarsa, idanu su koma goshi. Ku fara zana kan tsurarsa, kamar an yi masa aski ƙwalkwabo, ku sa haɓa a ƙarƙashin gemu, sannan ku naɗa masa rawanin. Tsagen Bagobiri ma sai a ƙarshe, kuma ya bi lanƙwasar kunci, kada ya fito a miƙe kamar an ja da rula.

Na'am, malama, yara fa? Tambaya mai kyau. A jariri ido yana ƙasa da rabi, domin muƙamuƙi bai gama girma ba. In kika sa shi a rabi, tsoho za ki zana da jikin goyo.