Amsoshin Tambayoyinku: Ƙari a Gefen Ƙwan Mahaifa

Assalamu alaikum masu sauraronmu na Kumasi da kewaye. Wata Hajiya daga Aboabo ta rubuto cewa an yi wa 'yarta mai shekara 24 sikan, aka ga ƙari a gefen mara, sai likita ya ce a sake wani sikan ɗin kafin tiyata. Tana tambaya ko ba asarar kuɗi ba ce.

Hajiya, ba asara ba ce. Ba kowane ƙari da ke kusa da ƙwan mahaifa ne ya fito daga cikinsa ba. Wani daga tantanin da ke tsakanin ƙwan da bututunsa yake tsirowa, wani kuma ƙarin mahaifa ne da ya yi jela ya rataya a gefe. Idan an bambance, 'yarki za ta iya fita daga tiyata da ƙwanta lafiya.

Sikan ɗin kan ciki yana son mafitsara cike, don haka ta sha ruwa leda biyu, lita ɗaya ke nan, awa ɗaya kafin a fara. Wanda ake yi ta farji kuwa, wanda ya fi nuna komai dalla-dalla, sai ta yi fitsari tukuna. Budurwa kuwa ba a yi mata shi. Mai dubawa zai nemi shi kansa ƙwan, ya ɗan danna da na'urar. In ƙarin ya zame ya bar ƙwan a wurinsa, ba jikinsu ɗaya ba. Inda ake kuskure shi ne ƙarin ya yi girma ya rufe ƙwan, a rubuta cewa na ƙwai ne.

Sai a duba cikin ƙarin. Jaka ɗaya mai ruwa zalla, mai bango sumul, ba jini na gudana a ciki, alama ce mai kyau. Tsiro huɗu ko fiye a bangon, tsoka mai gargada, jini mai yawa a sikan mai launi, ko ruwa kwance a cikin mace a wajen ƙarin, waɗannan kan sa a tura mace wurin likitocin sankarar mata, irin na asibitin Komfo Anokye. In hoton bai fito fili ba, a yi MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu.

Wata malama daga Asawase kuma ta ce gwajin jininta na CA-125, wanda ake yi don neman alamar sankarar ƙwan mahaifa, ya haura 35, iyakar da aka saba gani ga mai lafiya, hankalinta ya tashi. Malama, al'ada, juna biyu da ƙarin mahaifa duk suna ɗaga shi. Ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Ainihin sunan ƙari sai an cire shi an duba a ɗakin gwaji, kuma ki nemi takardar sakamakon ki ajiye.

Ku duka biyun, in ciwon mara mai tsanani ya taso farat ɗaya da amai, ƙarin na iya murɗewa ne ya tsinke wa ƙwan jini. A tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.