Zayyanar Keltawa: daga ramin gishiri zuwa kogin Landan

Jama'a, barkanku da yamma. Labarin Keltawa, wasu al'ummun Turai na zamanin da, zan ɗauko shi daga gishiri.

A Hallstatt, cikin duwatsun Ostiriya, mutane suna haƙar gishiri tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da ɗaruruwan shekaru. Gishirin nan ne ya kawo musu arziki. Daga 1846 aka fara tonon maƙabartarsu, aka buɗe kaburbura kusan 1,000, da makamai da kayan ado a ciki. Manyansu sun saba sayen kayan kudu. A Vix ta Faransa, cikin 1953, an tono kabarin wata mace da randar tagulla ƙirar Girkawa mai cin lita 1,100.

To, wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa, maƙeransu suka daina tsayawa ga saye kawai. Nan ne abin da ya fi burge ni. Maƙeri zai ɗauki zanen ganye na Girkawa, ya murɗa shi, ya lanƙwasa, ya ja shi, har ka rasa inda ganye ya ƙare. Ka ƙura ido, sai ka ga fuskar mutum tana kallonka daga cikin reshe. Wannan salo ake kira La Tène, sunan wani wuri a bakin tafkin Neuchâtel a Suwizalan, inda aka gano tarin takubba a 1857.

Ku dubi butocin giya biyu na tagulla da aka tono a Basse-Yutz ta Faransa. Siffarsu ta mutanen Italiya ce, murjanin da aka lilliƙa musu daga teku ya zo, amma karnukan da ke kan mariƙi da murfi nasu ne. A bakin butar akwai 'yar agwagwa. In ana tsiyaya giya, sai ka ce iyo take yi. Wallahi duk sanda na kalle ta sai na jinjina wa maƙerin.

Gaskiya ne Keltawa sun yi yaƙe-yaƙe: sun auka wa birnin Rum, sun kai Delphi ta Girka a shekara ta 279 kafin haihuwar Annabi Isa, wasunsu suka haye zuwa ƙasar Turkiyya ta yau. Amma ni a ganina fatauci da yawon maƙera sun fi takobi kai zayyanar nan nesa. Ga garkuwar Battersea, wadda aka tsamo daga kogin Thames a Landan. Da'irori ne cikin da'irori, da jan gilashi a tsaka. Tagullarta ba ta da kaurin da za ta tare mashi, shi ya sa masana da yawa ke ganin da gangan aka jefa ta ruwa, hadaya ga abin bautarsu.