Yadda za a koya wa 'yan ƙaramar sakandare Yaƙin Burma ba tare da hadda ba

Assalamu alaikum malamai. Yau maganar darasin yaƙi za mu yi, ga yara 'yan shekara 11 zuwa 14.

Abin da aka saba shi ne malam ya rubuta a allo cewa Yaƙin Duniya na Biyu ya fara a 1939 ya ƙare a 1945, yara su kwafa, su haddace, su zazzage a jarrabawa, shi ke nan. Ba wanda ya gaya musu cewa wannan yaƙin, da kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila, ya shiga har ƙauyukansu.

To ku gwada wannan. Ku ba kowane yaro rabin shafi kawai. A ciki a ce: a 1943 Turawan mulkin mallaka sun kwashi sojojin Afirka ta Yamma, daga Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan aka tura su dazukan Burma, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, su yaƙi Japan. Rundunarsu ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan, ta 82 ta biyo baya a 1944. Motoci ba sa shiga wurare da yawa, don haka wasu sojojin 'yan dako ne, suna ɗaukar harsasai da abinci a ka, jirgin sama kuma yana jefo musu guzuri.

Yaro ya karanta shiru da fensir a hannu. Inda bai gane ba ya ja layi, inda abin ya ba shi mamaki ya sa alama. Kada ku yi bayani tukuna. Nan ne wurin da ya fi yi wa malami wuya, don bakinmu ya saba da cika shiru.

Sai ku ce kowane benci ya kawo tambaya uku. Na farko-farko za su zo da sauƙi: wace shekara aka tafi, da wa aka yi yaƙin? Amsarsu na kwance a takarda, su nuna layin da yatsa a wuce. Can sai wata yarinya ta ɗaga hannu: "Malam, me ya haɗa manomi daga Katsina faɗa da mutumin Japan?" To darasi ya fara. Kada ku yi saurin amsawa. Rubuta tambayar a allo da sunanta a gefe, ku tambayi ajin me ake bukata a sani kafin a amsa. Da kansu za su iso ga mulkin mallaka, da yadda Turawa suka bi ta hannun sarakuna da hakimai wajen ɗibar sojoji, da tambayar ko kowa da son ransa ya tafi.

Akwai tambayar da nake so ta zama ɗabi'ar yaro: wa ya rubuta wannan, kuma muryar wa babu a ciki? Yawancin labarin Burma hafsoshin Ingila ne suka rubuta shi. Ɗan dakon nan fa, da matar da aka bari a gida?

Aikin gida kuwa, su tambayi tsofaffin unguwa ko an taɓa yin ɗan Burma, wato sojan da ya je yaƙin, a danginsu. 'Yan Zariya su binciko dalilin da ya sa ake kiran barikin soja Chindit, 'yan Legas su binciko sunayen barikin Dodan da na Myohaung.

Sai abu ɗaya da ba a wasa da shi. A Borno ko Zamfara, wataƙila a ajinku akwai yaron da ya gudo daga harbe-harbe da ƙafarsa. Kada ku kawo hotunan gawarwaki, kada kuma ku nuna yaron da yatsa ku ce ya ba da labari. In ya zaɓi ya rubuta tambayarsa a takarda ba suna, ku karɓa, ku karanta ta tare da sauran.