Kujeru kaɗan, masu nema miliyoyi: wa zai shiga?

Bashir: Jama'a barkanmu da sake saduwa. Yau ina tare da Hadiza da Malam Sani, za mu taɓa batun tikitin manyan taruka, irin waɗanda kafin ka gama rubuta lambar katinka an ce sun ƙare. Hadiza, daga ina za mu kama?

Hadiza: Mu kama daga Nuwamban 2022, ranar da kamfanin sayar da tikiti na Ticketmaster ya buɗe sayar da tikitin rangadin mawaƙiya Taylor Swift a Amurka. Mutum miliyan 3.5 suka yi rajista tun kafin ranar. Shafin ya yi ta tsayawa, mutane suka wuni a layi, amma duk da haka an sayar da tikiti sama da miliyan 2 a rana guda. Sai kamfanin ya soke sayarwar da aka shirya wa sauran jama'a.

Bashir: Har Majalisar Dattawan Amurka ta zauna a kai, ko?

Hadiza: A Janairun 2023. Kamfanin ya ɗora laifin a kan manhajojin 'yan baranda, masu wawure tikiti su sake sayarwa da tsada. Alhali tun 2016 Amurka ke da dokar da ta haramta su.

Malam Sani: Ni fa ban ɗauka matsalar ta kwamfuta ce ba. Ko shafin bai tsaya ba, kujerun ba za su ƙaru ba. Dole a zaɓi mai shiga: ko mai sauri, ko mai sa'a, ko mai kuɗi. Idan ka sa farashi ƙasa da abin da mutane za su iya biya, ribar ɗan baranda ka tara masa.

Bashir: Allah gafarta Malam, wato a tsawwala kenan?

Malam Sani: Ban ce ba.

Hadiza: Ai an gwada. A Agustan 2024, tikitin ƙungiyar mawaƙa ta Oasis a Birtaniya, mutum ya shiga layi yana ganin kusan fam 150, bayan awanni ya iso gaba ya tarar da fam 355. Kuma 'yan mintuna aka ba shi ya yanke shawara. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar sai da ta buɗe bincike.

Malam Sani: Abin da ya fi ɓata rai a nan ba tsadar ba ce, rufa-rufar ce. Ni tsarin bikin kaɗe-kaɗe na Glastonbury a Birtaniya ya fi kwanta mini. Ka yi rajista da hotonka, a buga shi a jikin tikiti. In ka fasa zuwa, ka mayar musu su sayar wa wani. Ɗan baranda ba shi da abin yi da fuskar wani.

Bashir: To, an samu tikiti. Shi ke nan?

Hadiza: Ina! Tambayi magoya bayan Liverpool. Ranar 28 ga Mayu 2022, wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai da Real Madrid a filin wasa na Stade de France da ke Faransa. Ma'aikatan wani layin jirgin ƙasa suna yajin aiki, sai dubban mutane suka bi ɗaya layin, suka ɓullo ta wata ƙunƙuntar hanya mai shingen bincike da ba a shirya wa wannan yawan ba. Mutane da tikitinsu na gaske a hannu, ga yara, ana fesa musu barkonon tsohuwa. An jinkirta wasa da minti 36.

Bashir: Amma ai cewa aka yi jabun tikiti ne ya jawo.

Malam Sani: Ministan cikin gida na Faransa ya ce mutum dubu 30 zuwa 40 suka zo da jabu ko babu tikiti. Kwamitin bincike mai zaman kansa da hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ta kafa ya fitar da rahoto a Fabrairun 2023, bai yarda da wannan ba, ya ce babban alhakin na UEFA ne.

Hadiza: Lissafin ma ba wuya. Ƙofa nawa gare ka, mutum nawa kowace ke wucewa da su a minti, ta wace tasha za su sauka. In na'urar duba tikiti ta fara ƙin karantawa, kowane daƙiƙa goma da aka ƙara a kan mutum ɗaya, na baya ne ke matsuwa.

Bashir: Malam, in kai ne mai shirya taron, me za ka fara yi?

Malam Sani: Kafin in buga tikiti ko ɗaya, sai na taka da ƙafata daga tashar jirgi har bakin ƙofa.

Hadiza: Ranar yajin aiki ma?

Malam Sani: Ranar ce ma zan zaɓa.