Takardar gwaji ta ce "akwai": yaron yana da cutar yanzu ke nan?

Ga ƙuraje a tafin hannu, a tafin ƙafa, da kuma a baki. Ita ce cutar hannu da ƙafa da baki, mai yawan kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ba irin ta shanu ba ce, kada a ɗora wa saniya laifi.

Ƙwayoyin bairas da yawa ke kawo ta: Coxsackie A16, A6, da EV71, wadda ta hallaka mutum 78 a Taiwan a 1998, yawancinsu ƙananan yara.

To, ga inda ake ruɗewa. Gwajin jinin da ake yi don wannan cuta ba ƙwayar cutar yake nema ba. Sojojin da jiki ya tanada don yaƙarta yake nema. Sojojin iri biyu ne, IgM da IgG, kowanne da layinsa a takardar gwajin.

IgM shi ke fara fitowa, cikin 'yan kwanaki da kamuwa. Amma bayan yaro ya warke sarai, yakan yi makonni, wani lokaci watanni, bai bar jini ba. Yakan kuma yi ruɗu: Coxsackie ce ta shiga, amma layin EV71 ya nuna akwai, don 'yan gida ɗaya ne.

IgG kuwa tamkar tabon lamba ne a dantse. Abin da yake cewa kawai: an taɓa haɗuwa. Bara ne? Shekara 20 ne? Ba ya faɗa. A gwada ki, Hajiya, mai yiwuwa a same shi, alhali lafiyarki lau.

Shi ya sa jini ɗaya ba ya yanke hukunci. Sai an sake ɗiba bayan mako 2 zuwa 4, a ga adadin sojojin ya ninka sau 4. Kafin nan kuwa yaro ya koma tsalle-tsallensa, tunda cutar kan wuce cikin kwana 7 zuwa 10. Ni dai a ganina, don ciwon da bai yi tsanani ba, wahalar da yaro da allura ce kawai.

Likita kan gane ta da ido. In ana son sunan ƙwayar, sai gwajin PCR, mai neman ƙwayar cutar kanta, daga maƙogwaro, ruwan ƙurji ko bayan gida.

Amma in yaro ya ƙi shan ruwa, fitsari ya ragu, ko yana zabura, ko barci ya yi masa yawa, ko wuyansa ya sandare, a ajiye takardar, a nufi asibiti.