Ƙananan hukumomi 774 ba za su shiga BIGINT ba

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, daga Jos muke gaishe ku. Malam Nura, ga matsalar yau: manhajar dillalan dankalin Turawa ce, kowane dillali zai nuna jihohin da yake kai kaya. Yaya za a adana wannan a rumbun bayanai?

Malam Nura: Wasu za su ce a zuba shi cikin lamba ɗaya. Kowace jiha a ba ta bit ɗaya a cikin lambar. Kowane bit kamar makunnin lantarki ne, ko a kunne ko a kashe. Jihohi 36 da Abuja, 37 ke nan, BIGINT kuma, wato nau'in babbar lamba a rumbun bayanai, bit 64 gare shi. Har da rara.

Bashir: Amma Malam, a yi hattara da JavaScript, yaren rubuta manhaja. A can bit 32 kawai ake wannan lissafi da su. In ka jera jihohi bisa haruffan Turanci, ban da Abuja, Sakkwato ce ta 33, sai ta zagayo ta faɗa kan Abiya. Sai dai a yi amfani da BigInt, nau'in doguwar lamba na JavaScript.

Hadiza: Dankalin Sakkwato ya tafi Umuahia ke nan!

Malam Nura: Ai da sauƙi tukuna. Bari mai manhajar ya ce ƙananan hukumomi yake so. 774 ne, bayit 97 a kowane layi, tunda bayit ɗaya bit 8 ne. A rumbun bayanai na MySQL, kafin sigar 8.0, duk abin da ka ba & ko |, alamomin haɗa bit da bit, mayar da shi yake lamba mai bit 64. Daga 8.0 ne ya yarda da VARBINARY, wato dogon jerin bayit. Rumbun PostgreSQL kuwa yana da bit varying, wato dogon jerin bit, amma in tsawon jerin biyu bai zo ɗaya ba, ƙin haɗa su zai yi.

Hadiza: To ai an samu mafita.

Malam Nura: Ta adanawa dai. Yanzu tambayi rumbun su wa ke kai kaya Bokkos. Fihirisar B-tree, wadda ke hanzarta bincike, jera lambobi take daga ƙarami zuwa babba, ba ruwanta da bit ɗin da ke tsakiya. Dole injin ya bi teburin layi-layi har ƙarshe. Ni tebur na daban zan buɗe, lambar dillali da lambar ƙaramar hukuma, in ɗora masa fihirisa.

Bashir: Ni fa ban yarda a jefar da tsarin bit ɗin gaba ɗaya ba. In tambayar ita ce ina da ina dillalai biyu suka haɗu, alamar & guda ɗaya ta gama aikin, bit_count na PostgreSQL 14 ya ƙirga maka.

Malam Nura: Sau nawa ake wannan tambayar? Kuma wanda zai gaji aikin, ina zai san bit na 412 wace ƙaramar hukuma ce?

Bashir: Sai a rubuta masa a wani tebur.

Hadiza: Ka ga kai ma ka buɗe tebur na biyun, Bashir. Mu je hutun rabin lokaci.