Sharhi: Wa ke duba aikin ma'aikatan jinya idan dare ya raba?

Assalamu alaikum jama'a masu saurarenmu, daga nan birnin Tahoua.

Tun ranar 1 ga watan Satumba na shekarar 2024, lokacin da matakin rage rabin kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje ya fara aiki a asibitocin gwamnati, aka kuma mayar da haihuwa kyauta, talakan ƙasar nan ya samu sauƙi a bakin ƙofar asibiti, kuma babu mai gardama a kan haka. Sai dai koken da masu jinya ke ci gaba da kawo mana daga cikin ɗakunan kwanciya bai canza ba. An kwantar da yaro da rana, dare ya yi, ruwan da aka ɗaura masa ya ƙare, uwa ta yi ta zagaye tana neman wanda zai canza shi, ƙarshe ta tarar da ɗaliba mai koyon aiki ita kaɗai, ko kuma ta ƙwanƙwasa ƙofa a amsa mata da tsawa. Duk lokacin da irin wannan magana ta taso, amsa ɗaya ake ba mu, wato a yi kira ga ma'aikatan jinya su ji tsoron Allah. Mun gaji da wannan amsa. Tsoron Allah wajibi ne a kan kowa, amma babu ma'aikatar da wa'azi kaɗai ke tafiyar da ita, kuma tambayar da ake kauce wa ita ce: wa ke tsayawa ya duba aikin ma'aikacin jinya a gaban gadon marar lafiya, musamman idan dare ya raba?

A kan takarda, tsari bai rasa komai ba. Kowane sashe na asibiti yana da majo, shugaban ma'aikatan jinyar wurin. Jihar Tahoua tana da gundumomin kiwon lafiya 13, daga Ƙonni da Madawa da Buza har zuwa Abalak da Cintabaraden da Tasara, kowace da babban likitanta da tawagar da aka ɗora wa alhakin zagaya ƙananan cibiyoyin kiwon lafiya da ake kira CSI, a ƙa'ida duk bayan wata uku. To, me ke faruwa ranar zagayen? An riga an sanar da zuwan baƙi, an share fili. Mota ta iso da hantsi, a shiga ofis, a jibge rajistoci a kan tebur, a ƙirga yaran da aka yi wa rigakafi, a leƙa firijin allurai, a cika takardar tambayoyi, a sa hannu, kafin la'asar an kama hanya. An duba takarda, an kuma duba ta da kyau. Amma ba safai ake samun wanda ya tsaya ya ga yadda ake neman jijiyar jariri ba, ko an wanke hannu tsakanin wannan gado da wancan, ko da wane irin harshe aka yi wa tsohuwar da ta zo daga ƙauye bayani. Wannan daidai yake da mai garkar albasa a Galmi da zai zauna cikin ɗaki yana ƙirga buhunan taki, bai taɓa taka fangali ya ga ko ruwa ya kai ba.

Masu saurare, bari mu ɗan tsaya a kan abin da aikin jinya ya ƙunsa, domin a nan ne za a gane nauyin maganar. Yaron da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ya kwantar, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a yi masa allurar artesunat da isowarsa, a maimaita bayan awa 12, a sake idan awa 24 ta cika daga allurar farko. Idan an karɓe shi da ƙarfe 2 na rana, allura ta biyu ƙarfe 2 na dare take faɗawa, lokacin da babban likita yana gidansa, majo yana gidansa, uwar yaron kuma ba ta san an tsallake lokaci ba, balle ta yi magana. Yaron da tamowa ta galabaitar, a sashen da ake kira CRENI, madarar F75 ake ba shi duk bayan awa biyu ko uku, dare da rana, saboda faɗuwar sukari da sanyin jiki cikin dare suke yi wa irin waɗannan yara kisan mummuƙe. Mace mai naƙuda, duk rabin awa ya kamata a saurari bugun zuciyar ɗan da ke cikinta a rubuta, kuma idan jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, awa biyu ta isa a rasa ta. Duk waɗannan ayyuka ne na agogo, kuma duk ana iya cika gurbinsu a rajista da asuba ba tare da an yi su ba. Ba sirri ba ne a tsakanin ma'aikata cewa akan cika takardar bin naƙuda bayan jariri ya riga ya faɗo. Mai zagayen da ya zo bayan wata uku zai tarar da takarda tsaf, ya yaba, ya tafi. Gani ya kori ji, kuma wanda bai je gaban gado da dare ba bai ga komai ba.

Majo ne ya kamata ya zama idon asibiti a cikin sashe, amma ku duba abin da aka mayar da shi. Shi ke riƙe da makullin kabad ɗin magani, shi ke tsara jerin masu aikin dare, shi ke haɗa rahoton wata da za a shigar a kwamfuta, shi ake turawa taron ƙara wa juna sani duk lokacin da wata ƙungiya ta kawo sabon shiri da nata takardun. Sau da yawa daɗewa a aiki ce ta ba shi muƙamin, ba a taɓa zaunar da shi an koya masa yadda ake jagorancin mutane ba, yadda ake gyara wa abokin aiki kuskure ba tare da an ci masa fuska ba, ko yadda ake rubuta takardar gargaɗi da za ta tsaya. In kuma ya yi ta maza ya rubuta, kafin takardar ta kai teburin darakta waya ta riga ta iso daga sama: wance ƴar wane ce, wane ƙanin wane ne, a yi haƙuri. Majon da aka kunyata sau ɗaya a gaban ƙananansa ba zai sake buɗe baki ba, kuma kowa a sashen ya koyi darasi daga abin da ya gani. Ta yaya za a ɗora wa mutum alhakin rayuka, a hana shi lokaci, a hana shi iko, sannan a zo ana mamakin lalacewar aiki?

Za a ce mana ai ma'aikata ne babu, don haka maganar sa ido ba ta ma taso ba. Ƙarancin gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana buƙatar likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi kusan 45 ga kowane mutum 10,000, kuma Nijar tana can nesa ƙasa da wannan mizani. Wani bincike da Linda Aiken ta jagoranta a asibitoci 168 na jihar Pensilbaniya ta Amurka, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna cewa duk marar lafiya ɗaya da aka ƙara wa ma'aikaciyar jinya yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 7 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata. Mun yarda da wannan duka. Amma hujjar tamu ce, domin inda hannu ya yi ƙaranci nan ne ya fi wajaba a tabbatar kowane hannu yana wurin aikinsa. Wani ɓangare na ƙarancin ma rashin sa idon ne ya haife shi: suna yana cikin jerin masu aikin dare, mai sunan yana wani asibitin kuɗi a cikin gari, ma'aikata sun taru a Yamai da manyan biranen jihohi, yayin da wani ke riƙe da cibiya shi kaɗai a arewacin jihar nan.

Kada ma'aikatan jinya da ke saurarenmu su ɗauka farautarsu ake kira a yi. Wanda zai fi kowa cin moriyar sa ido na gaskiya shi ne ma'aikacin kirki, wanda ke kwana a tsaye a watannin Agusta da Satumba da Oktoba, lokacin da zazzaɓi ke cika ɗakunan yara har a haɗa biyu ko uku a gado ɗaya, amma babu wanda ya san bambancinsa da mai barci. Shugaban da ya shigo da ƙarfe 3 na dare zai ga wanda ya gudu, zai kuma ga cewa safar hannu ta ƙare, fitilar waya ake haskawa ana neman jijiya, ɗan kwantaragi yana bin bashin albashi, ƴar sa kai tana aikin da babu mai biyanta. Kuma wannan ciwo tsoho ne. Tun a 2003 aka wallafa binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai, inda aka bayyana mummunar tarba, da fifita wanda ya san wani, da barin aikin ƙwararru a hannun waɗanda ba su koya ba, da rashin hukunci. Sama da shekara 20 ke nan. Har yaushe za a ci gaba da gano abin da aka riga aka gano?

Akwai masu ganin na'urar ɗaukar zanen yatsa a bakin ƙofa za ta magance matsalar. Ina shakka, domin na'ura tana shaida shigowar mutum ne kawai, ba ta san ko ya je gaban gado ba. Ina kuma shakkar amfanin horon da aka saba yi na tura mai laifi ƙauye, tun da mutanen Tasara da Tiliya ba su yi laifin da za a aika musu da wanda birni ya ƙi ba. Abin da ake buƙata bai kai kuɗin mota ɗaya ba. A sauke wa majo nauyin takardu a ba wani, shi ya koma cikin ɗaki. A riƙa miƙa aiki tsakanin masu sauka da masu hawa a gaban gado, marar lafiya bayan marar lafiya, mai jinya yana ji. Darakta da babban mai sa ido na asibiti su riƙa shigowa cikin dare ba tare da sanarwa ba, su ɗauki takardar yaro su tambayi uwarsa ƙarfe nawa aka yi masa allura. Duk yaron da ya rasu cikin dare a zauna da safe a bi abin da ya faru awa bayan awa, kamar yadda ƙa'ida ta tanada a kan mutuwar mata masu haihuwa. Takardar gargaɗin da majo ya rubuta kuma ta tsaya, ko waye ya bugo waya.

Muna kira ga hukumar kiwon lafiya ta jihar Tahoua da manyan likitocin gundumomi 13 da su sa zagayen dare cikin tsarin aikinsu kafin damina mai zuwa ta cika ɗakunan yara, su kuma fito su gaya wa kwamitocin jama'a da ke kula da cibiyoyin lafiya sau nawa aka yi shi a kowane wata, da abin da aka tarar, da matakin da aka ɗauka.